Littafin Bin Diddigi: Neman Madogara Kan Kacalla a Fadamar Haɗejiya

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Yau malamin da ke duba kundina na kammala digiri ya dawo mini da babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata, kuma kusan kowane shafi yana ɗauke da tambaya iri ɗaya da jan biro: "Wa ya faɗa?" Batun da aka amince mini in bincika shi ne yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗejiya, da abin da hakan ya jawo wa manoman shinkafa da masunta a yankinmu na Kirikasamma. Na zaɓi batun ne saboda a cikinsa na tashi. Gonar mahaifina ta bakin ruwa rabinta yanzu kacalla ce, kuma tun ina ƙarami nake fita korar tsuntsayen jan-baki da ke kwana a cikinta.

Sanin da na yi wa batun shi ne ya sa na yi sakaci. Na rubuta shafi goma sha huɗu daga abin da na ji a gida, da abin da na tsinta a Facebook, da wasu shafukan intanet da ko sunan marubucinsu ban duba ba. Malam bai yi faɗa ba. Ya ce mini: "Abin da ka rubuta yana iya zama gaskiya gaba ɗayansa, amma mai karatu a Dutse ko Zariya bai san gonar mahaifinka ba, kuma dole ka nuna masa hanyar da zai bi ya tabbatar da kansa." Ya ba ni mako takwas in sake babin daga tushe.

Na buɗe wannan littafi domin in riƙa rubuta abin da na yi kowace rana, da abin da na kashe, da inda na yi tuntuɓe.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na sayi data ta naira 2,500 da ƙananan katunan rubutu na naira 800. A cikin gari sabis ba ya tsayawa, sai a bayan makarantar firamare inda ƙasa ta ɗan yi tudu, don haka can zan riƙa zama bayan sallar asuba. Cajin waya a shagon mai sola naira 200 ne.

Asabar, 11 ga Oktoba

Bayan isha'i na je gaida Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ke karantar da hadisi a zaurensa, na kuma ba shi labarin jan biron Malam. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, ai wannan tambayar ta malaminka tsohuwa ce. Ka manta abin da muka karanta a gabatarwar Sahihu Muslim?" Ya maimaita mini maganar Abdullahi ɗan Mubarak, cewa isnadi, wato sarƙar masu ruwaya, yana daga cikin addini, kuma ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Na ce: "Allah ya gafarta Malam, wannan ai a sha'anin addini ne." Ya ce haka ne, kuma kada in haɗa darajar hadisi da ta labarin ciyawa, amma hankalin da ake auna mai ba da labari da shi guda ne. Ya lissafa mini abubuwan da malaman hadisi ke dubawa: ko sarƙar masu ruwaya ta haɗu ba tare da yankewa ba, ko kowane mai ruwaya sananne ne da gaskiya, ko yana da kiyayewa ko kuwa mai yawan ruɗewa ne, ko abin da ya ruwaito ya saɓa wa na waɗanda suka fi shi inganci, da kuma ko akwai wata ɓoyayyiyar illa da ba a gani sai an zurfafa. Ya ƙara da cewa mutumin da ba a san ko wane ne ba, wanda ake kira majahuli, ba a gina hukunci a kan maganarsa ko da ta yi daɗin ji.

Na dawo gida na ɗauko babin da aka dawo mini da shi, na bi shi jimla bayan jimla da fitilar waya. A cikin maganganu talatin da ɗaya da na kafa a matsayin hujja, huɗu kaɗai ne zan iya nuna wanda ya fara faɗarsu. Na yanke shawarar cewa kowace madogara za ta samu katinta guda: sunan marubuci, shekara, inda aka buga, lambar shafi, sannan a bayan katin in rubuta amsar tambaya ɗaya, wato ko marubucin da kansa ya auna abin ko kuwa daga wani ya ɗauko.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na shiga makaranta na wuni a ɗakin karatu. Wata ma'aikaciya, dattijuwa da kowa ke kira Hajiya, ta ba ni kusan sa'a biyu na lokacinta, kuma a yau na koyi abin da ban koya ba a shekara uku.

Da farko ta nuna mini bambancin bincike a Google na yau da kullum da bincike a Google Scholar, wanda ke fito da maƙalu da littattafai da kundayen digiri. Ta ce in daina rubuta doguwar tambaya, in riƙa zaɓen kalmomi biyu ko uku, kuma in yi amfani da sunan ciyawar na kimiyya, Typha, domin da shi masana ke rubutu. Idan ina son kalmomi su fito a jere yadda na rubuta su, in sa su tsakanin alamomin zance. Ta ja hankalina ga abin da ban taɓa tunani ba: an ƙirƙiri Jihar Jigawa ne a ranar 27 ga Agusta, 1991, saboda haka duk rahoton da aka rubuta kan garuruwanmu kafin wannan rana a ƙarƙashin Jihar Kano zan same shi. Haka nan sunan Haɗejiya ana rubuta shi ta fuska fiye da ɗaya, kuma mai neman rubutu ɗaya kaɗai zai rasa sauran.

Daga nan ta buɗe mini AJOL, rumbun mujallun ilimi na Afirka, inda mujallun jami'o'in Najeriya da yawa suke, da kuma DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta waɗanda aka tantance kafin a shigar da su. Ta yi mini bayanin yadda mujallar kirki ke aiki: marubuci ya aika maƙala, edita ya tura ta ga masana biyu ko uku a fannin, su yi mata tankaɗe da rairaya, su nemi gyara ko su ƙi ta, kuma hakan kan ɗauki watanni. Ta ce wannan tacewa ba ta hana kuskure shiga gaba ɗaya, amma ita ce ke raba maƙala da rubutun da mutum ya wallafa don kansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne wani ɗan mahaɗi da ke ƙarƙashin kowace maƙala a Google Scholar, wanda ke nuna waɗanda suka ambace ta daga baya. Jerin manazarta na ƙarshen maƙala yana kai mutum baya ga malaman marubucin, wannan mahaɗi kuma yana kai shi gaba ga ɗalibansa da masu sukarsa. Na tuna da Kawu nan take.

Kuɗin mota zuwa da dawowa naira 3,000, hoton takardu naira 1,200.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na sauke maƙalu tara. Na karanta tsakuren kowace, na ajiye biyar, na watsar da huɗu saboda a kan wasu ƙasashe suke magana. Katuna biyar sun cika.

Talata, 21 ga Oktoba

Wannan rana ta yi mini ciwo, kuma zan rubuta abin da ya faru dalla-dalla domin kada in sake.

Wani abokin karatuna ya nuna mini wata manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya ce da ita yake haɗa manazartarsa cikin minti biyar. Ranar Lahadi na nemi ta ba ni maƙalu goma kan kacalla da noman shinkafa a Jigawa. Ta jero su tsaf, da sunayen marubuta irin namu na Arewa, da shekaru, da sunayen mujallu, da lambobin shafi. Na yi murna har na kwafe su a katuna kafin in gan su da idona, wanda shi ne kuskuren.

Jiya da yau na zauna neman su ɗaya bayan ɗaya. Uku na same su yadda aka faɗa. Biyu akwai su, amma shekara da sunan mujallar ba daidai ba ne. Biyar kuwa babu su ko'ina. Na nemi taken a Google Scholar, na nemi marubutan, na shiga shafin mujallar na buɗe fitowar da aka ambata, na tarar da wata maƙala dabam a waɗannan shafuka. Guda biyu suna ɗauke da lambar DOI, wato lambar shaida da ake bai wa maƙala ta dindindin, kuma da na sa lambobin a shafin doi.org ɗaya ba ta buɗe komai ba, ɗayar ta kai ni wani bincike da bai shafi ruwa ko noma ba.

Abin da ya tsorata ni shi ne yadda ƙagaggun suka fi na gaskiyar dacewa da batuna. Kamar an auna bukatata aka ɗinka su. Da na miƙa su, da na jingina wa mutane masu rai maganar da ba su yi ba, kuma da sunana ne a bangon kundin. Na yaga katuna bakwai, na sake rubuta biyu da bayanan da na gani a mujallun kansu. Na kira abokin nawa na gaya masa ya bincika nasa tun kafin ya miƙa.

Doka daga yau: ba na rubuta kati sai takardar tana buɗe a gabana. Data ta ƙare a wannan nema, na ƙara ta naira 2,500.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Kwana uku na yi ina bin sawun adadi guda. A babin da aka dawo mini da shi na rubuta cewa kacalla ta cinye wani kaso mai yawa cikin ɗari na gonakin fadama, kuma na ji ƙarfin gwiwa saboda na ga adadin a wurare shida. Ba zan maimaita shi a nan ba, domin kada in zama na bakwai.

Na jera wuraren shida bisa shekarunsu. Uku rahotannin jarida ne, kuma biyu daga ciki sun kwafi na farkon kalma da kalma. Na farkon ya ce wani jami'i ne ya faɗa a wajen taro, bai ambaci wani bincike ba. Biyu kundayen ɗalibai ne, ɗaya ya dogara da jaridar, ɗayan ya dogara da kundin ɗan'uwansa. Na shida maƙala ce da ta jingina adadin ga wani rahoto, amma da na samo rahoton na karanta shi daga farko har ƙarshe, sai na ga a kan wani yanki ƙarami na mashigin ruwa guda yake magana, a shekara guda. Wani ne a tsakiya ya faɗaɗa shi ya rufe fadamar gaba ɗaya, sauran suka bi.

Shaidu shida da nake taƙama da su sun koma bakin mutum ɗaya da rahoto ɗaya da aka yi wa mummunar fahimta. Na faɗa wa Kawu, ya ce yawan masu ruwaya yana ƙara ƙarfi ne idan hanyoyinsu sun rabu tun daga tushe, amma idan duk daga rijiya ɗaya suka ɗebo, guga goma ma ruwa ɗaya ne.

Na cire adadin. Zan ambaci abin da rahoton ya auna a inda ya auna shi, ba ƙari.

Laraba, 29 ga Oktoba

Yankan shinkafa. Ban buɗe littafi ba tun Litinin.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Yau na tsayar da ƙashin bayan tarihin, kuma kowane batu na same shi a madogara biyu da ba su dogara da juna ba. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukansu a Jihar Kano, a kan kogunan da ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya. Kafin madatsun, kogin yakan cika ya yi ambaliya da damina, ya kuma ja baya ƙwarai da rani. Bayan su, sai ruwa ya riƙa gudana a hankali kusan duk shekara, laka tana kwanciya a mashigai, ƙasa ba ta bushewa, kuma wannan shi ne yanayin da kacalla ke so. Idan ta kafu sai ta ƙara rage gudun ruwa, laka ta ƙara taruwa, ruwan ya karkata zuwa wani mashigin, wasu garuruwa su nutse wasu kuma su rasa. A ƙasan Haɗejiya kogin ya rabu zuwa Marma da Burum Gana da tsohon kogin, don haka rabon ruwa tsakaninsu shi ne rayuwar mutanenmu.

Na ci karo da saɓani biyu da suka koya mini cewa adadi biyu mabambanta ba lallai ɗaya ya zama ƙarya ba. Na farko, yawan mutanen Jigawa a ƙidayar 2006: wasu sun rubuta 4,348,649, wasu 4,361,002. Na farkon sakamakon wucin gadi ne da aka fara sanarwa, na biyun shi ne na ƙarshe da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fitar, kuma shi zan ɗauka in faɗi dalili. Na biyu, faɗin fadamar. Wani kundi ya ce hekta 58,100 ce gaba ɗayanta, alhali wannan faɗin yankin tafkin Nguru da mashigin Marma ne kaɗai, wanda aka shigar cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya a shekarar 2000. Dausayin Baturiya, da ke kusa da mu, an shigar da shi dabam a 2008. Ban da haka, faɗin da ruwa ke rufewa yana canjawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka duk wanda ya ba da adadi dole a tambaye shi na wace shekara ne kuma ina ya ja iyaka.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Jiya na je Kano, ɗakin karatu na Jami'ar Bayero, saboda kusan duk maƙalun da na karanta suna komawa ga aiki guda: littafin da Hollis da Adams da Aminu-Kano suka tace kan fadamar Haɗejiya da Nguru, wanda ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, ta buga a 1993. Na so in riƙe tushen da hannuna maimakon in riƙa ɗaukar sa daga bakin wasu. Da farko na yi ɗari-ɗari da shi saboda tsufansa, amma Hajiya ta riga ta gaya mini cewa tsufan madogara aibi ne idan ana tambayar halin da ake ciki yau, kuma falala ne idan ana tambayar yadda abu yake a da. Ni kuwa ina bukatar sanin yadda fadamar take kafin kacalla ta yi ƙarfi.

Na kuma duba tsofaffin kundayen digiri uku na sashen nazarin ƙasa, na ɗauki hotunan shafuka sama da sittin da waya cikin gaggawa domin kada motar yamma ta bar ni. Da na iso gida da daddare na buɗe hotunan, sai na ga ban ɗauki bangon kundaye biyu ba. Shafukan suna nan da taswirori masu kyau, amma babu sunan marubuci, babu shekara, kuma sun cakuɗe har ban iya raba na wannan da na wancan ba. Madogarar da ba zan iya faɗin sunanta ba ta zama majahuli a hannuna, kuma ni na mayar da ita haka.

Na roƙi wani ɗan garinmu da ke karatu a can ya koma ya nemo su, na kwatanta masa kantar da launin bangon, na tura masa naira 2,000. Tafiyar ta ci naira 14,000 kuɗin mota da 2,000 na abinci. Daga yanzu hoton farko na bango ne, na biyu na shafin da ke ɗauke da shekara, sannan sauran.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Na watsar da wata maƙala da na so ƙwarai, domin ta faɗi daidai abin da nake fatan kundina ya tabbatar. Abin da ya fara sa ni shakka shi ne kwanan wata a shafinta na farko: an karɓe ta ranar Talata, an amince da ita ranar Asabar ta wannan makon. Na fita daga maƙalar na koma binciken mujallar kanta, kamar yadda Hajiya ta ce a riƙa yi, wato a tambayi wasu game da mai magana kafin a saurari abin da yake faɗa a kan kansa. Mujallar tana buga komai a fitowa ɗaya, daga aikin likita zuwa lissafin kuɗi, babu ita a DOAJ ko AJOL, kuma abin da ya fi fitowa fili a shafinta shi ne kuɗin bugawa da alkawarin gaggawa. Irin waɗannan ne wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, Jeffrey Beall, ya riƙa jerawa har ya rufe jerin nasa a 2017.

Rashin suna a wani jeri kaɗai ba ya kashe mujalla, domin akwai mujallun sassan jami'o'inmu na kirki da ba su shiga ko'ina ba. Don haka na koma cikin maƙalar na duba hanyoyin binciken. Ba ta faɗi ƙauyukan da aka je ba, ba ta faɗi yadda aka zaɓi mutanen da aka tambaya ba, kuma jimillar wani jadawali ta wuce ɗari bisa ɗari. Wannan ne ya yanke hukuncin.

Talata, 18 ga Nuwamba

Kwana uku ina hira da dattawa, bayan na nemi izinin Bulama. Malam ya amince in sa bayanan baki, da sharaɗin in auna su da ma'aunin da nake auna takarda. Na yi hira da mutum bakwai, masunta huɗu da manoma uku, kowa shi kaɗai, domin na lura cewa a majalisa idan babba ya yi magana sauran bin sa suke yi. Na gaya wa kowa abin da zan yi da maganarsa, na nemi yardarsa kafin in kunna na'urar ɗaukar murya, kuma ba zan sa sunan kowa a kundin ba.

Hirar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wani tsohon masunci da muke kira Baba. Na same shi yana gyaran koma a gindin tsamiya, zaren a tsakanin yatsun ƙafarsa, bai ɗago kai ba har na gama gaisuwa. Na ce: "Baba, yaushe kuka fara ganin kacalla ta hana jirgi wucewa a mashiginmu?" Ya ce: "Bayan canjin kuɗi da 'yan shekaru, yaro, lokacin da aka yi fari." Na rubuta 1973 a gefen takarda, domin a farkon wannan shekara aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, kuma an yi fari a lokacin. Har na tashi sai wani abu ya tsayar da ni, na koma na durƙusa na ce: "Baba, canjin da aka bar fam, ko wanda aka sauya launin takardun?" Ya ɗago kai a karon farko ya ce: "Na soja mana, da aka ba mutane 'yan kwanaki su kai kuɗinsu banki. Lokacin fam ai ruwan nan fili ne, kana hango tsallake." Canjin 1984 yake nufi, kuma a wannan lokacin ma an yi fari. Tambaya ɗaya ce ta raba ni da kuskuren shekara goma sha ɗaya, kuskuren da zai sa in rubuta cewa ciyawar ta toshe ruwa tun kafin a gama Tiga.

Na kuma riƙa raba abin da mutum ya gani da abin da ya ji. Baba ganau ne a kan mashigin da ya yi shekara hamsin yana shiga, da irin kifin da ya ragu a komarsa. Amma da ya ce wasu baƙi ne suka kawo irin ciyawar da gangan, na tambaye shi wa ya gani, ya ce haka ake faɗa. Zan rubuta wannan a matsayin abin da jama'a ke faɗa, domin shi ma yana nuna yadda mutane ke fassara abin da ya same su, amma ba zai shiga cikin dalilan yaɗuwar ba. Wani manomi kuma da ke cikin rikicin rabon ruwa da ƙauyen gaba ya ɗora komai a kan maƙwabta, na rubuta a bayan katinsa cewa yana da ruwa da tsaki a maganar.

Goro da man babur naira 3,000.

Asabar, 22 ga Nuwamba

An turo wani hoton ambaliya a zauren WhatsApp na ɗaliban yankinmu, an ce na garuruwanmu ne a 2022. Ambaliyar 2022 gaskiya ce, a cikinta muka kwashe kaya zuwa tudu, amma rufin gidajen hoton bai yi kama da namu ba. Na sa shi a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa, ya fito a wani rahoto da ya girmi shekarar, daga wata ƙasa. Zan yi amfani da hotunan da na ɗauka da kaina, da kwanan wata da sunan wurin. Ɗan garinmu ya turo bangon kundayen nan biyu.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Ina tsara manazarta bisa tsarin APA, bugu na 7, wanda sashenmu ke bi, sai na kama kaina da wani abu. Akwai wani bincike na farkon shekarun 1990 kan darajar tattalin arzikin fadamar, wanda ban samu ba, na dai karanta bayaninsa a wata maƙala. A rubutuna na ambace shi kai tsaye kamar na karanta shi. Na tambayi Kawu sunan wannan a wajensu, ya ce ya yi kama da tadlisi, wato mai ruwaya ya tsallake wanda ya ji daga gare shi ya ambaci na sama da lafazin da zai sa a zaci daga bakinsa ya ji. Ya ce ko da maganar ta inganta, an ɓoye wa mai sauraro wata gaɓa da yake da haƙƙin dubawa.

Bayan abin da na gani ranar 26 ga Oktoba, na san irin ɓarnar da gaɓar tsakiya ke iya yi. Na gyara wurare uku zuwa "kamar yadda wane ya ruwaito", na sa wanda na karanta a cikin manazarta, na cire wanda ban gani ba.

Litinin, 1 ga Disamba

Na miƙa sabon babin, shafi goma sha ɗaya, bugawa naira 2,400. Yana tsaye a kan madogara goma sha tara: maƙalu tara, littafi ɗaya, kundaye uku, rahotannin hukumomi huɗu da na jarida biyu, sai hirarraki bakwai a jeri na dabam. Rahotannin jaridar na yi amfani da su ne kawai wajen nuna ranar da abu ya faru da abin da jami'ai suka faɗa. Malam ya karanta a gabana. "Wa ya faɗa?" ta fito sau biyu, duka a sakin layin da ke magana kan raguwar kifi, inda na dogara da masunta huɗu ba tare da wani ma'auni a rubuce ba. Ya kuma ce duk madogarata sun karkata ga illar madatsun, alhali akwai dubban manoma a Kadawa da ke noman rani da ruwan Tiga, kuma adalci ne in kawo abin da aka rubuta ta wannan fuska in auna shi. Ya yi gaskiya, ban neme su ba saboda zuciyata tana tare da gonarmu.

Abin da na kashe zuwa yau naira 33,400 ne, ban da cajin waya.

Aikin mako biyu masu zuwa: in karɓi takardar gabatarwa daga sashe zuwa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are domin neman bayanan sakin ruwa na shekaru, in nemi alƙaluman ruwan sama daga hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, domin in raba tasirin fari da na madatsa, in samo aƙalla maƙalu uku kan noman rani a Kadawa, sannan in koma wurin Baba da taswirar da na samo a Kano ya nuna mini da yatsansa inda jirgi ke bi a da. Zan bukaci kimanin naira 20,000, kuma Yaya ya ce zai ba ni rabi idan ya sayar da shinkafa ranar kasuwa.